Ninƙayar Mastas da Batun Adalci Tsakanin Tsofaffin Zakaru da 'Yan Sha'awa

Ninƙayar Mastas gasar iyo ce ta manya, tun daga matashin magidanci har tsohon da ya haura shekara ɗari, inda ake kasa masu fafatawa rukuni-rukuni gwargwadon shekarunsu. A ƙa'idar hukumar wasannin ruwa ta duniya, World Aquatics, wadda ake kira FINA kafin ta sauya suna a Disambar 2022, sai mutum ya kai shekara 25 yake shiga. Ƙungiyar Mastas ta Amurka kuwa tana karɓa tun daga 18. Ba a tambayar kowa tarihinsa, saboda haka wanda ya taɓa ɗaukar zinare a Olamfik da wanda ya koyi iyo bayan ya yi ritaya suna iya haɗuwa a rukuni guda. Wannan ne tushen gardamar da aka daɗe ana yi: shin daidaita shekaru kaɗai ya isa a ce an yi adalci?

Asali

An fara gasar a 1970 a garin Amarillo na jihar Texas, bisa shawarar Ransom Arthur, likita a rundunar sojan ruwan Amurka. Burinsa shi ne manya su sami dalilin ci gaba da motsa jiki, gasar ta zama abin jan hankali kawai. FINA ta shirya gasar duniya ta farko a Tokyo a 1986. Daga ta Kazan a Rasha a 2015, ana yin ta a ƙasar da ta karɓi gasar ƙwararru, bayan su sun kammala. Kulob mutum yake wakilta a can, ba ƙasa ba.

Yadda ake daidaita shekaru

Tazarar kowane rukuni shekara biyar ce: 25 zuwa 29, 30 zuwa 34, haka har sama. Ana duba shekarun da mutum zai cika a ranar 31 ga Disamba ta shekarar gasar, don haka wanda aka haifa a ƙarshen shekara yana hawa sabon rukuni tun watan Janairu. Masu iyo murna suke yi da wannan hawa, domin jiya kai ne babba a rukuninka, yau ka koma auta. Sai dai shekara biyar ba ɗaya take a ko'ina ba. Tsakanin ɗan 40 da ɗan 44 da ƙyar a ga bambanci, amma tsakanin ɗan 80 da ɗan 84 tazarar a fili take.

A tseren karɓa-karɓa tara shekarun mutum huɗu ake yi: 100 zuwa 119, 120 zuwa 159, 160 zuwa 199, daga nan a riƙa ƙara arba'in. Idan ɗan 70 da ɗan 62 da ɗan 45 da ɗan 30 suka haɗu, jimillarsu 207, rukuninsu 200 zuwa 239. Akwai kuma rangwame saboda tsufa. Wanda ba zai iya tsalle daga dandamali ba yana iya tashi daga bakin kwami ko daga cikin ruwa, kuma a salon malam-buɗe-littafi an yarda a yi shurin kwaɗo.

Abin da shekaru ba sa gogewa

Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800. Saboda haka a iyo iya kwanciya a ruwa ya fi ƙarfin damtse tasiri: yadda mutum ke miƙe jikinsa, yadda tafinsa ke kama ruwa, yadda yake shan iska ba tare da ya ɗaga kai ba, da yadda yake juyawa a jikin bango. Yaron da ya fara horo tun yana ɗan takwas ya maimaita waɗannan har sun zama jiki. Ko ya bar ruwa shekara ashirin, ya yi teɓa, ranar da ya dawo numfashi ne zai gaza masa, hannu bai manta ba. Wanda ya fara a shekara 50 kuwa yana iya fin sa naci da lafiyar zuciya, a tashi tare, ya ga ƙafafunsa kawai.

Ƙarin abin da ya rikita lissafi shi ne zakaru sun daina ritaya da wuri. Dara Torres ta Amurka ta ci azurfa uku a Olamfik ta Beijin a 2008 tana da shekara 41, Anthony Ervin ya ɗauki zinaren mita 50 a Rio a 2016 yana da 35. Rowdy Gaines, mai zinare uku a 1984, ya shiga Mastas daga baya ya kafa tarihi a rukunonin shekarunsa.

Masu neman a raba tsofaffin zakaru da 'yan sha'awa suna cewa ɗan sha'awa ya biya kuɗin rajista da na tafiya, ya san tun daga gida ba zai ga lambar yabo ba, gwiwarsa ta yi sanyi. Masu adawa suna cewa tsohon zakara shi ma ma'aikaci ne mai iyali, da asuba yake satar lokacin horo, kuma ba laifi ba ne mutum ya iya abu. Tambayar da take kayar da masu son rabuwa ita ce: wane ne ƙwararre? Wanda ya je Olamfik, ko wanda ya wakilci jami'arsa, ko wanda ya yi shekara uku a kulob yana yaro? Duk inda aka ja layi, na kusa da layin ne zai koka. Ga kuma ƙarancin mutane a manyan rukunoni, inda raba mutum uku gida biyu ya zama wasa. A can ne ma 'yan baya ke shan gaba. Mieko Nagaoka ta Japan ta fara shiga ruwa tana da kimanin 80 saboda ciwon gwiwa, a 2015 tana da shekara 100 ta kammala mita 1,500.

Matakan da ake ɗauka

Dokokin duniya ba su ware tsofaffin zakaru ba. Agogo aka bar wa aikin. Kowa yana rubuta lokacin da yake tsammanin yi, a jera shi da masu lokaci kusa da nasa, sau ɗaya a yi, sannan a fitar da sakamako bisa rukuni. A ƙananan gasanni sau da yawa ana cakuɗa shekaru a tashi ɗaya, dattijo mai sauri ya yi kafaɗa da matashi sabon shiga. Wannan shi ne mafi amfanin matakan, ko da yake akwai masu rubuta lokacin ƙarya don su faɗa cikin marasa sauri. Gasar duniya tana da lokacin cancanta, a gasar ƙasa ta Amurka kuwa an yarda mutum ya shiga tsere uku ko bai cika lokacin ba.

Masu kallon folo a Zariya da Kaduna sun san wata hanyar: kowane ɗan wasa yana da maki daga -2 zuwa 10, a tara na ƙungiya, a ba mai rauni ƙwallayen fara wasa. Kulob-kulob na iyo kan yi irin haka a tsakaninsu, mai jinkiri ya riga tashi da wasu daƙiƙoƙi, amma ba a kafa tarihi da irin wannan tsere.

Kaya da magani

Tun 2010 aka hana rigunan roba masu ɗaga jiki a ruwa, waɗanda mai kuɗi ne ke iya saye. Yanzu na namiji daga cibiya zuwa gwiwa ne, na mace daga kafaɗa zuwa gwiwa, wanda bai wadatar da mace mai son rufe jiki duka ba. Batun magani ya fi wuya. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna cikin jerin haramtattu na hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, haka ma sinadarin testosteron, alhali likita ne ke rubuta wa dattawa su. Mai buƙata yana neman izini na musamman, gwaji kuma ba ya yawa a Mastas.

A Zariya

A nan bambancin ya fi alaƙa da inda mutum ya koyi iyo. Da yawa a Kubanni ko Galma ko kududdufin unguwa suka koya suna yara, kai a sama, hannu na dukan ruwa. Ba sa tsoron ruwa, amma a salon kwaɗo idan mutum ya taɓa bango da hannu ɗaya maimakon biyu, an soke tserensa komai saurinsa. A ɗaya gefen akwai waɗanda suka wakilci jami'a a wasannin jami'o'in Najeriya (NUGA) ko jiha a gasar wasanni ta ƙasa da aka fara a 1973, waɗanda suka saba da koci da agogo. A ƙa'idar duniya ba a karɓar lokaci sai a kwami mai tsawon mita 25 ko 50, kuma yawancin na otal ba a gina su da wannan awo ba. Doka ta ce zafin ruwan gasa ya kasance tsakanin digiri 25 zuwa 28, abin da kwamin da ba a ɗumama shi ba kan kasa kaiwa da safiyar hunturu, kuma dattijo ne sanyi ya fi kamawa.