Rayuwar ikilisiya a garin Jos

Ikilisiyar unguwa ita ce mataki na ƙasa a tsarin majami'un Kirista a Jos, babban birnin Jihar Filato. Jama'a ce da ke taruwa a majami'a guda, ƙarƙashin fasto guda ko Fada (limamin Katolika) guda, tana da dattawanta da ƙungiyoyinta da asusunta. A unguwanni irin su Tudun Wada, Jenta, Kabong, Unguwar Rukuba da Nasarawa Gwong, har zuwa Bukuru, aikinta ya wuce sujadar Lahadi nesa ba kusa ba. Nan ake kai jariri a miƙa shi, nan ake ɗaura aure, nan ake sasanta miji da mata, kuma nan ake fara kai labari idan an yi rasuwa. Da yawa cikin waɗannan ikilisiyoyi da Hausa suke sujada, ko da yake mafi yawan membobinsu ba Hausawa ba ne.

Asali

Haƙar kuza ce ta gina Jos a farkon ƙarni na 20, ta jawo leburori da 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis daga ko'ina. A daidai wannan lokaci 'yan mishan suka shigo yankin. Mishan ɗin SUM (Sudan United Mission), wadda Karl Kumm ya kafa, ta buɗe tasharta ta farko a Wase a 1904. Limaman Katolika na ƙungiyar mishan ta SMA sun sauka Shendam a 1907. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wadda mutanenta na farko suka iso Najeriya a 1893, daga baya ta mai da Jos cibiyarta. Daga aikin SUM aka sami ɗarikar COCIN, daga na SIM kuma aka sami ɗarikar ECWA a 1954, kuma dukansu biyu hedkwatarsu tana Jos. Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Najeriya, wato TEKAN, wadda aka kafa a 1955, ita ma a Jos take da mazauni. A ɓangaren Katolika, Jos ta sami matsayin dayosis, wato yankin da bishop ke jagoranta, a 1953, aka ɗaga ta zuwa babbar dayosis a 1994. Angalika ta kafa tata dayosis ɗin Jos a 1980.

'Yan mishan sun raba ƙasa a tsakaninsu don kada su yi karo, kuma har yau ana ganin sawun wannan rabo. Sau da yawa majami'ar mutum tana nuna inda ya fito. Birom, Ngas, Mwaghavul da Tarok sun fi yawa a COCIN. Irigwe na Miango sun fi karkata ga ECWA, Goemai na Shendam kuma Katolika tana da ƙarfi a cikinsu. Wanda ya zo daga Numan yakan nemi majami'ar Lutheran ta LCCN, Bura da Margi su nemi Ekklesiyar 'Yan'uwa (EYN), Tibi su nemi majami'arsu ta NKST. Saurayin da ya sauka a tasha yana neman aiki ko gurbin karatu, abin da ya fara tambaya bayan gidan ɗan'uwansa shi ne ina majami'arsu take, domin can zai sami wanda ya san mahaifinsa.

Harshen sujada

Filato ƙasa ce mai harsuna da dama, kuma a kan benci ɗaya za a iya samun mutane biyar da ba mai jin harshen wani. Hausa ce ta haɗa su. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa, sannan wata sabuwar fassara ta fito bayan kusan shekara 50. Da shi da Littafin Waƙoƙi tsofaffi da yawa suka koyi karatun boko, a ajin baftisma ko a zumunta, ba tare da sun taɓa shiga aji ɗaya na firamare ba. Katolika ta shigo da Hausa cikin Misa, wato sujadarta, sosai bayan babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965.

Manyan ikilisiyoyi yanzu sukan raba sujada biyu ko fiye, ta Turanci da ta Hausa. Ta Hausa ta fi tara dattawa, 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu da sababbin zuwa daga ƙauye. Ɗalibai da ma'aikatan gwamnati sun fi zuwa ta Turanci. Idan an yi sujadar haɗe, mai fassara yakan tsaya gefen mai wa'azi suna karɓa-karɓa, kuma gwanin fassara yana da farin jini kusan daidai da faston kansa.

Shugabanci

A COCIN da ECWA, fasto yana aiki ne tare da dattawan da membobi suka zaɓa, da magatakarda da ma'aji. Sama da su akwai majalisar gunduma, wadda ke iya ɗauke fasto ta kai shi wani wuri. Fasto kan zo ya tafi, dattawa suna nan, shi ya sa sabon fasto mai wayo yakan fara da sauraro. A Katolika bishop ne ke tura Fada, yana da majalisar da ke ba shi shawara. Katakis shi ke koyar da masu shirin baftisma, shi ke jagorantar addu'a a ƙananan rassan da Fada ba ya iya zuwa kowace Lahadi. Ana horar da fastoci a makarantun tauhidi irin su TCNN ta Bukuru, wadda aka buɗe a 1959, da JETS ta ECWA, limaman Katolika kuma a makarantar St. Augustine da ke Jos.

Ba a cika kiran fasto da sunansa ba. Baba ake ce masa ko da yaro ne, matarsa kuma Mama. Ita wannan Mama ba ta da albashi, amma ƙofar ɗakinta ce matan da ke da damuwa suke fara ƙwanƙwasawa.

Zumuntar Mata

Duk wanda ke son sanin ƙarfin ikilisiya a Jos, ya duba Zumuntar Mata. Kusan kowace majami'a tana da tata, har da Katolika, kuma a kan gane su da zane da ɗankwali iri ɗaya masu ɗauke da tambarin ƙungiya. Suna taruwa a tsakiyar mako don addu'a, karatun Littafi Mai Tsarki da koyon waƙa, ƙarƙashin shugabar da a wurare da yawa ake kira uwar zumunta.

Waƙarsu dabam take da ta kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a. Ba su dogara da jita ko fiyano ba. Mace ɗaya ta ɗora tulu a cinya tana bugun bakinsa da wani abu mai taushi, yana ba da murya mai zurfi, wata ta riƙe caki, wata kuge, wata ƙaramar ganga. Mai bayarwa ta jefa baiti, saura su amsa, suna ɗan rausayawa a jere ba tare da sun bar inda suke ba. Da yawan waƙoƙin su suke tsarawa da kansu, kuma ba ayoyi kaɗai suke rerawa ba. Akwai waƙar da ke jan kunnen maigidan da ke kai kuɗin cefane gidan burukutu, akwai ta uwar miji, akwai ta 'yan mata masu rawar kai. Maza kan yi dariya a wurin zamansu, amma kowa ya san da wa ake.

Aikinsu mafi nauyi ba a majami'a ake ganinsa ba. Idan memba ta haihu, su ke kai sabulu da itace da tsabar kunu. Idan an kwantar da wani a asibitin Jankwano ko na OLA, sukan raba kwanakin kai abinci. Ranar rasuwa kuwa, kafin dangi na nesa su iso, an riga an kafa tukwane a bayan gida, wasu suna girki, wasu sun kewaye matar mamaci suna waƙa ƙasa-ƙasa har dare ya raba. Kuɗin duk wannan daga 'yar gudummawar da kowace ke zubawa yake fitowa, ana rubuta ta a littafi, kuma mai yawan fashi ba ta rasa jin magana. Da wuya a sami wata hukuma a gari da ke isa gidan makoki da saurin waɗannan mata.

Sauran ƙungiyoyi

Akwai zumuntar maza, wadda yawanci ba ta kai ta mata cika ba, da ta matasa, da kwaya, da makarantar Lahadi ta yara, da birged na samari da na 'yan mata masu fareti da badujala. Ƙungiyar Sabon Rai ta samo asali ne daga yunƙurin bishara na Sabon Rai Don Kowa da aka fara a Jos a shekarun 1960, kuma an san ta da fita wa'azi ƙauyuka da ganguna.

Baiko, godiya da horo

Da baiko da zakka ake biyan fasto, a yi gini, a tallafa wa gwauraye da marayu, a kuma aika kason hedkwata. Lokacin godiyar kaka, wajen ƙarshen shekara, iyalai kan fito layi suna rawa zuwa gaba ɗauke da dankalin Turawa, masara, acca, kabeji, kaji, wani lokaci har akuya. Bayan sujada a yi gwanjonsu. Nan za a ga an sayi kaza ɗaya da kuɗin da ya ninka na kasuwa, mai saye yana sane, jama'a suna tafi.

Ikilisiya tana kuma hukunci. A majami'un da suka fito daga SUM da SIM, wanda aka samu da zina ko maye ko wani babban laifi akan sa shi a horo: a dakatar da shi daga cin Jibin Ubangiji da riƙe muƙami na wani lokaci, a wasu wuraren ma a sanar a gaban jama'a. Ana yawan gunaguni cewa horon ya fi saurin faɗa wa yarinyar da cikinta ya fito fiye da namijin da ya yi shi, ko mai hannu da shuni, kuma ba a rasa gaskiya a wannan gunaguni ba.

Bayan rikice-rikice

Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010, sun sauya taswirar garin. An ƙona majami'u da masallatai, an rasa rayuka a ɓangarorin biyu, unguwanni suka rabu bisa addini. Wasu ikilisiyoyin sun wayi gari membobinsu sun ƙaura, wasu kuma suka cika har suka tsaga rassa. A 2012 an kai harin bam da mota a majami'ar hedkwatar COCIN cikin Fabrairu, sannan a majami'ar Katolika ta St. Finbarr da ke Rayfield cikin Maris. Daga nan aka shiga kafa shinge a bakin ƙofa, ana ajiye motoci nesa, 'yan birged suna binciken masu shiga, wasu majami'un suka hana mata shiga da manyan jakunkuna.

Harabar majami'a ta sha zama mafakar waɗanda aka kora daga ƙauyukan Barikin Ladi, Riyom, Bassa, Mangu da Bokkos, kuma tara musu hatsi da tufafi ya shiga cikin sanarwar Lahadi. A gefe guda, shugabanni irin su Akbishop Ignatius Kaigama, wanda ya riƙe Jos daga 2000 har aka mai da shi Abuja a 2019, sun yi fice wajen zama da malaman Musulunci don neman sulhu. A ƙasa kuwa hulɗar ba ta yanke gaba ɗaya ba. A kasuwar Farin Gada da Taminus ana ciniki tare, kuma akwai gidajen da har yanzu suke aika wa tsofaffin maƙwabtansu shinkafar Kirsimeti, su ma a aiko musu da naman Sallah, ko da yake yanzu sai an hau Keke Napep kafin a kai.