Birkin lantarki a motocin zamani: me ke ƙarƙashin fedar da kake takawa?

Wai menene birkin lantarki ɗin nan?

A tsohon tsari in ka taka birki ƙafarka ce ke tura sandar da ke matse man birki a cikin masta, man ya bi bututu ya je ya matse tayoyi. A sabon tsari kuwa fedar ba ta tura komai kai tsaye, sensa ce ke auna yadda ka taka, ta aika wa kwamfutar mota saƙo ta waya, kwamfutar ta sa wani ƙaramin injin lantarki ya matse man. Yawancin motocin da ke da wannan sabon tsari har yanzu da man birki a cikinsu, abin da ya canza shi ne wanda ke matse shi.

To me ya sa aka bar wanda aka saba da shi?

Motocin lantarki ne suka fi tilasta hakan. Na farko ba su da injin fetur ɗin da busta, wato na'urar da ke ƙara wa birki ƙarfi, ke samun jan iskar da take taimaka wa ƙafa da shi. Na biyu kuma suna rage gudu ne da injin lantarkinsu don su mayar da wuta cikin batir, to dole a samu mai raba aiki, nawa injin zai ɗauka nawa birkin taya zai ɗauka, kuma direba kada ya ji lokacin da aka yi musayar. Dalilin nan ne ya sa motocin tseren Formula 1 suka koma wannan tsari a tayoyin baya tun 2014.

Wace irin sensa ake sakawa a fedar?

Galibi iri biyu. Akwai mai auna nisan da fedar ta sauka, ƙaramin maganaɗisu ne ke motsi kusa da wata 'yar na'ura, ba sa taɓa juna shi ya sa ba ta saurin cinyewa. Akwai kuma mai auna ƙarfin takawar. Kwamfuta tana duba har saurin da ƙafa ta sauko, don wanda ya taka a firgice daban da wanda ke lallaɓawa zai tsaya a danja.

Kuma ba a yarda da sensa ɗaya. Ana saka biyu ko fiye, wani lokacin a juya su, ɗaya lambarta na hawa ɗaya na sauka, in lissafinsu bai zo daidai ba kwamfuta ta san akwai wadda ta lalace. A ƙa'idar ISO 26262 ta kiyaye haɗari a na'urorin lantarkin mota, galibi ana sa irin wannan aiki a matakin da ake kira ASIL D, wanda shi ne mafi tsanani.

In fedar ba a haɗe take ba, me ya sa take da tauri?

Nan ne fa aikin yake, a ganina ya fi tsayar da motar wahala. Taurin da kake ji ƙirƙirarsa aka yi, sifirin ne da roba aka jera a bayan fedar, farko ta yi laushi sannan ta riƙa tauri kana ƙara takawa, don ƙafar direba ta saba da haka shekara da shekaru kuma da wannan taurin yake sanin nawa ya taka. In injiniyoyi suka kuskure kaɗan sai ka ji mutane na cewa birkin na fisga, ko kuma kamar soso ake takawa. A 2010 Toyota ta janye Prius don gyara manhajar birki, saboda direbobi na jin kamar birkin ya saki na ɗan lokaci in sun taka a hanya mai gargada.

Akwai kuma abin da ni bai kwanta min ba. A tsohon birki in ya yi zafi a gangara fedar za ta yi laushi, ka san akwai matsala. A wannan fedar tana nan yadda take ko birkin na ƙonewa, sai dai motar ta nuna maka gargaɗi a allo.

In wuta ta ɗauke fa, shikenan ba birki?

A'a. A yawancinsu akwai bawul da wuta ke riƙe shi a rufe, wuta na ɗaukewa zai buɗe da kansa, ƙafarka ta koma tura man kai tsaye. Motar za ta tsaya amma sai ka taka da ƙarfi sosai kuma za ta ci nisa. Waɗanda aka cire wannan haɗin gaba ɗaya kuwa sai an ba su hanyar wuta biyu da na'urar matsewa biyu.

An taɓa samun matsala babba?

Sosai ma. Mercedes ta fito da nata mai suna SBC a 2001 tare da Bosch, aka yi ta janye motoci a 2004 da 2005, har ta cire shi daga E-Class a 2006. Amma abin bai mutu ba, Alfa Romeo Giulia ta 2016 da Corvette C8 dukansu da birkin lantarki suka fito.

Kowane makanike zai iya gyarawa?

Ba kamar da ba gaskiya. Ko fitar da iska daga man birki a irin waɗannan motoci sai an jona kwamfutar gwaji ta buɗe bawuloli, in kuma an canza sensar feda dole a sake saita ta ta san inda sifili yake, in ba haka ba motar na iya ɗauka kana taka birki alhali ƙafarka ba ta kai ba.