Kiwon lafiyar jama'a a ƙaramar hukumar Tower Hamlets ta birnin Landan

Tower Hamlets ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 32 da suka haɗa birnin Landan, tana gabashin tsakiyar gari a bakin kogin Thames ta arewa. An kafa ta a 1965 lokacin da aka haɗe tsofaffin hukumomin Stepney da Poplar da Bethnal Green. Faɗinta bai kai murabba'in kilomita 20 ba, amma ƙidayar 2021 ta samu mutum kusan 310,300 a ciki, wato sama da mutum 15,000 a kowane murabba'in kilomita, babu inda ya kai ta cunkoso a duk Ingila. A 2011 mutum 254,100 ne, kenan cikin shekara goma ta ƙaru da kashi 22 cikin ɗari, nan ma ita ce kan gaba. Kuma gari ne na matasa, matsakaicin shekarun mazauna 30 ne kacal. Kusan kashi 35 cikin ɗari 'yan asalin Bangaladash ne, yawanci daga yankin Sylhet, akwai Somaliyawa da suka daɗe a wajen tun zamanin ma'aikatan jirgin ruwa, sannan kusan kashi 40 cikin ɗari Musulmi ne, mafi yawan kaso a Ingila da Wales.

Abin da ya sa masu nazarin lafiyar al'umma suke yawan kawo ta misali shine, a cikinta Canary Wharf take da dogayen benayen bankuna, a cikinta babban asibitin Royal London yake, amma duk da haka shekara da shekaru ita ake samu a sama ko kusa da sama a jerin wuraren da yara suka fi talauci a Birtaniya, kusan rabin yaran idan aka cire kuɗin haya daga abin da iyayensu ke samu. Don haka matsalar lafiya a nan ba ta rashin likita ko gado bace, ta gida ce da abinci da iska da aljihu.

Tarihi

Tun ƙarni na 19 wannan yanki da ake kira East End ya yi suna wajen cuta. A 1840 mutanen wajen suka kai wa Sarauniya Victoria takardar koke da sa hannun mutum kusan 30,000 cewa ba su da fili ko ɗaya da za su sha iska, shine aka yi Victoria Park aka buɗe a 1845. A 1866 kwalara ta ɓarke, ta kashe mutum 5,596 a Landan, mafi yawansu a gabas ɗin nan. William Farr, wanda ke riƙe da alƙaluman mace-mace na gwamnati, ya bi diddigi ya gano ruwan kamfanin East London Waterworks ne daga ma'ajiyarsa ta Old Ford kusa da kogin Lea, ruwan da ba a tace ba ake turo wa mutane, kuma a lokacin manyan magudanan da injiniya Joseph Bazalgette ke ginawa ba su gama isowa wannan ɓangaren ba. Abin mamakin shine shi Farr ɗin a da yana cikin masu cewa wari da gurɓatacciyar iska ke kawo kwalara, wannan annobar ce ta sa ya yarda ruwa ne. Ita ce kwalara ta ƙarshe mai girma a Landan.

Daga baya Charles Booth ya fitar da taswirorin talauci na farko a 1889 inda ya shafa wa titunan matalauta baƙin launi, sai hukumar birni ta rushe unguwar Old Nichol ta gina rukunin gidajen Boundary da aka buɗe a 1900, suna daga cikin gidajen gwamnati na farko a ƙasar. Har yanzu mutane na zaune a ciki.

Wa ke yin me

Nan ne mutane da yawa ke rikicewa, hatta mazauna wajen. Asibiti da likitan unguwa da suke kira GP duk na hukumar lafiya ta ƙasa ne, NHS, wadda aka kafa a 1948. Amma babban ɓangare na aikin kula da lafiyar al'umma, tun watan Afrilun 2013 an mayar da shi hannun ƙananan hukumomi bisa dokar lafiya ta 2012. To kansilolin Tower Hamlets su 45 da magajin garinsu su ne ke da alhakin ayyukan daina shan taba, da maganin masu shaye-shaye, da asibitocin cututtukan jima'i da tsarin iyali, da nas-nas na makarantu, da gwajin lafiya kyauta ga 'yan shekara 40 zuwa 74, sannan daga Oktoban 2015 aka ƙara musu ma'aikatan da ke zuwa gida duba mai jego da jariri har ya kai shekara biyar. Doka ta tilasta a naɗa daraktan lafiyar jama'a wanda ke fitar da rahoto duk shekara, da kuma kwamitin da ke haɗa kansiloli da likitoci su zauna su tantance buƙatun yankin.

Kuɗin kuma daga gwamnatin tsakiya yake zuwa, an keɓe shi ba a taɓa shi don wani aiki. Sai dai ba a daɗe da miƙa aikin ba, a 2015 gwamnati ta zabtare fam miliyan 200 daga kason ƙananan hukumomin Ingila a tsakiyar shekara, aka ci gaba da ragewa, har masu bincike suka ƙiyasta cewa abin da ake kashewa kan kowane mutum ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu idan aka yi la'akari da tsadar kaya. An ba su doki an hana su dusa kenan. A ɓangaren NHS ma an yi ta sauya tsari, ɗaya daga ciki shine na Yulin 2022 da ya haɗa Tower Hamlets da maƙwabta irin su Newham da Hackney da Waltham Forest ƙarƙashin hukuma ɗaya ta arewa maso gabashin Landan.

Asibitoci

Royal London a Whitechapel ya samo asali tun 1740, yanzu yana ƙarƙashin rukunin asibitocin NHS mai suna Barts Health, kuma sabon gininsa mai shuɗin gilashi an buɗe shi a 2012. A samansa jirgi mai saukar ungulu na agajin gaggawa na Landan ke sauka da waɗanda suka yi hatsari ko aka daɓa wa wuƙa. Tsohon ginin asibitin kuwa shi aka gyara ya zama sakatariyar ƙaramar hukumar a 2023. Akwai asibitin Mile End, akwai East London NHS Foundation Trust da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai Mildmay wanda tushensa ma aikin jinyar masu kwalarar 1866 ne, daga baya a 1988 ya koma kula da masu cutar ƙanjamau. Royal London na da sashen masu sikila, kuma kowane jariri a Ingila ana ɗiban jini a dunduniyarsa a kwana na biyar a gwada sikila da wasu cututtukan gado.

Amma gaskiya abin da ya fi fitar da sunan wajen ba babban asibitin bane. A unguwar Bromley by Bow akwai wata cibiya da wani limamin coci Andrew Mawson ya fara a 1984, aka ƙara mata asibitin unguwa a 1997, inda likita kan duba mutum ya ga ciwonsa ba na ƙwaya bane, bashi ne ko kaɗaici ko rashin aiki ko ɗaki mai danshi, sai ya tura shi ƙofa ta gaba wajen mai ba da shawara kan haƙƙoƙi ko ajin koyon Turanci ko lambu. Dokta Sam Everington na cikin likitocin da suka yi fice a wannan, kuma yanzu tsarin ya bazu NHS ta ɗauke shi a ƙasa baki ɗaya. Haka kuma wajen 2009 asibitocin unguwa na yankin suka haɗu rukuni takwas suna raba bayanai da ma'aikata, ana biyansu bisa sakamakon rukuni ba na asibiti ɗaya ba, wannan ya ɗaga allurar rigakafin yara da kula da masu ciwon suga sosai a 'yan shekaru.

Cututtukan da suka fi damun mutane

Ciwon suga shine babba. Mutanen kudancin Asiya yana kama su da wuri kuma ba sai sun yi ƙiba sosai ba, ana samun ɗan shekara talatin da wani abu da shi, daga nan sai hawan jini da ciwon zuciya da ƙoda su biyo baya. Shi ya sa duk gabanin azumi asibitocin unguwa da masallatai ke shirya zama kan yadda mai suga zai daidaita magani da sahur da buɗa baki, da kuma wanda bai kamata ya ɗauki azumin ba sam. Jami'ar Queen Mary da ke Mile End da Whitechapel tun 2015 take gudanar da babban bincike mai suna Genes & Health kan ƙwayoyin halittar 'yan asalin Bangaladash da Pakistan, dubban mutane sun ba da yawunsu, sabida yawancin binciken magunguna a da kan Turawa aka yi shi.

Taba ma haka. Ba sigari kaɗai ba, akwai ganyen da ake kira pan da tsofaffi musamman mata ke taunawa da wani ɗan ƙwallo da garin taba, baki ya yi ja kaman na mai cin goro, kuma yana jawo kansar baki, don haka ma'aikatan daina shan taba a nan sai sun iya yaren Sylhet kafin aiki ya yi kyau.

Yara kuma ana auna tsayi da nauyinsu a makaranta sau biyu, a shekara 4 zuwa 5 da kuma 10 zuwa 11, kuma a aji na ƙarshen firamare sama da yara 4 cikin 10 nauyinsu ya wuce kima. Duk wanda ya bi titin Mile End ko Whitechapel da yamma bayan an tashi makaranta zai ga dalili, shagunan soyayyar kaza a jere, yara cikin yunifom sun yi layi, kwalin fukafukai da soyayyen dankali da lemon kwalba ya fi kowane abinci arha. Hukumar ta sa ƙa'ida kan buɗe sabbin irin waɗannan shaguna kusa da makarantu amma waɗanda suke nan suna nan. Abin da ya fi tasiri a ganina shine abincin rana kyauta, wanda ake ba duk 'yan firamare tun 2014, sai a 2023 ƙarƙashin magajin gari Lutfur Rahman aka faɗaɗa zuwa 'yan sakandare, ita ce hukuma ta farko a Ingila da ta yi haka. Ruɓewar haƙori a ƙananan yara ma tana da yawa.

Wani abu da alƙaluma suka daɗe suna nunawa shine mutanen nan, musamman mata, suna fara rayuwa da ciwo tun da sauran ƙarfinsu, shekarun da suke yi cikin ƙoshin lafiya sun gaza na unguwannin masu kuɗi na yammacin Landan, sannan fitowa gwajin kansar mama da ta bakin mahaifa da ta hanji ya yi ƙasa, sai a gano cutar ta riga ta yi nisa.

Gida da iska

Iyalai sama da 20,000 ke jiran gidan hukuma, wasu shekara goma ko fiye. Iyali mai yara huɗu a ɗaki biyu ba baƙon abu bane, bango na tsatsafo da danshi a lokacin sanyi, baƙin fumfuna a kusurwa, yaro na asma. A Maris 2023 gobara ta tashi a wani gida a Shadwell daga batirin keke mai lantarki, mutum ɗaya ya rasu, sai aka gano mutum kusan ashirin ke kwana a gidan mai ɗaki biyu kan gadaje masu hawa. Lokacin korona wannan cunkoson ne ya sa killace kai ya zama magana kawai, kaka da jika da mai tuƙin tasi duk a falo ɗaya, kuma bayanan ƙasa sun nuna 'yan asalin Bangaladash na cikin waɗanda cutar ta fi kashewa. Da rigakafi ya zo a 2021 an buɗe wajen allura a babban masallacin East London da ke Whitechapel, mutane da yawa da suka ƙi zuwa asibiti can suka je.

Iska kuma, manyan hanyoyin A12 da A13 da ramin Blackwall da ke bi ta ƙarƙashin kogi duk ta nan suka ratsa, alhali yawancin gidajen yankin ba su da mota ma. An fara tsarin ULEZ na cajin motoci masu hayaƙi a tsakiyar Landan a 2019, aka faɗaɗa ya haɗa da duk Tower Hamlets a Oktoban 2021.

Rigakafi da rajista

A 2022 an gano ƙwayar shan inna a ruwan bahaya da ke taruwa a matatar Beckton, wadda ke karɓar na wannan yanki, sai a watan Agusta aka kira duk yaran Landan 'yan shekara 1 zuwa 9 a ƙara musu allura, ba a samu yaron da ya shanye ba. Akwai kuma tambayar da iyaye Musulmi ke yawan yi kan sinadarin alade, domin maganin mura na fesawa a hanci da ɗaya daga cikin alluran ƙyanda suna da shi, amma akwai allurar ƙyanda mai suna Priorix da babu shi, haka na mura akwai na allura, iyaye na iya nema.

Rajista da likitan unguwa kyauta ce kuma ƙa'ida ta ce ba a buƙatar takardar zama ko shaidar adireshi, koda yake wasu masu karɓar baƙi a asibiti sukan nema. Wanda ya shigo da biza ta sama da wata shida yana biyan kuɗin lafiya tare da bizar, fam 1,035 a shekara tun Fabrairun 2024, ɗalibai da yara fam 776. Lambar 999 ta gaggawa ce, 111 kuma ta neman shawara dare da rana, kuma mara lafiyar da ba ya jin Turanci yana da damar a kawo masa tafinta ba tare da ya biya ba.