Rashin lafiya da shugabanci

Rashin lafiyar shugaba shi ne halin da ciwo yake rage wa mutum ƙarfin riƙe jama'a ko gudanar da aikin da aka ɗora masa, ko shugaban ƙasa ne ko sarkin zango ko limami ko ma shugaban 'yan trotro (motocin haya) a tasha. Masana suna kallon abin ta gefe biyu, wato ciwon da yake taɓa jiki kawai da kuma wanda yake taɓa tunani da yanke shawara, kuma na biyun shi ne mai haɗarin gaske saboda sau da yawa mai shi bai ma san ya canza ba.

Yadda ciwo yake taɓa aiki

Zazzaɓin maleriya yana kwantar da mutum kwana kaɗan ya tashi. Amma hawan jini da ciwon suga su a hankali suke cin mutum, suga in ya sauka sosai sai ka ga mutum yana gumi yana rawar hannu yana saurin fushi, magana ma ta ruɗe, hawan jini kuma in an ƙyale shi yana iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki wanda ke ɗauke magana ko ƙarfin hannu da ƙafa. Ga ciwon damuwa, wanda mutanenmu har yanzu da yawa ba su ɗauke shi ciwo ba, alhali yana hana barci yana hana mutum ya tsai da hankali kan abu ɗaya. Wasu magungunan ma suna kawo kasala da gyangyaɗi.

Naƙasar jiki ita kaɗai ba ta hana mulki. Franklin Roosevelt ƙafafunsa sun shanye tun 1921 amma sau huɗu Amurkawa suna zaɓen shi. Ibn Ummi Maktum makaho ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barin shi a Madina yana jan mutane sallah.

Ɓoye ciwo

Gaskiya a nan ne ɓarnar take. Shugaba in ya kwanta aka ɓoye, mulki ba ya tsayawa, sai dai ya koma hannun na kusa da gado waɗanda ba wanda ya zaɓe su. Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya samu shanyewar jiki a Oktoba 1919, matarsa Edith ce ta riƙa tace wanda zai gan shi da takardar da za ta isa gare shi. Umaru Musa 'Yar'aduwa an tafi da shi Saudiyya ranar 23 ga Nuwamba 2009 ba tare da ya miƙa mulki ba, Najeriya ta zauna cikin ruɗani har sai 9 ga Fabrairu 2010 da majalisa ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashi.

Mu nan Gana mun ga namu. An daɗe ana ta surutu kan lafiyar shugaban ƙasa Farfesa John Atta Mills, a watan Yuni 2012 ya dawo daga duba lafiya a Amurka har ya ɗan yi sassarfa a filin jirgin Kotoka don mutane su ga garau yake, abin tausayi wallahi in ka tuna, don siyasa ce ta sa mara lafiya yin haka. Ya rasu ranar 24 ga Yuli 2012 a asibitin soja na 37 a Akra yana da shekara 68, a ranar aka rantsar da mataimakinsa John Mahama.

Abin da doka da addini suka tanada

Kundin tsarin mulkin Gana na 1992, sashe na 60, ya ce mataimaki ne zai riƙe in shugaba ya kasa, in su biyun ba hali sai kakakin majalisa. Sashe na 69 kuma ya ba da hanyar cire shugaba saboda rashin lafiyar jiki ko ta ƙwaƙwalwa, amma sai kwamitin likitoci ya duba shi sannan kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa su yarda. A Musulunci ma misalin a fili yake, da ciwon ajali ya tsananta wa Annabi (SAW) ya ce a umarci Abubakar ya ja sallah, kowa ya sani, ba a ɓoye ba.

Talaka mai aikin hannu

Ba shugabanni kaɗai ciwo yake hana aiki ba. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ce ba a korar ma'aikaci don ya yi jinya ta ɗan lokaci in likita ya tabbatar, kuma kwanakin jinya ba sa shiga cikin hutun shekara. Amma wannan na mai albashi ne, yawancin mutanen Nima da Maamobi da Aboabo aikin kansu suke yi. Mai sayar da wake da shinkafa in zazzaɓi ya kama ta, ko dai ta sha farasitamol ta tashi da asuba ta hura wuta haka nan jiki na rawa, ko kuma tukunya ta kwana a kife, mai karɓar adashi kuma zai zo da yamma. Haka 'yan kayayo masu dakon kaya a ka a kasuwar Kejetia da ciwon wuya da baya. Inshorar lafiya ta NHIS da aka kafa a 2003 tana rage kuɗin asibiti ga wanda katinsa ke aiki, amma ba ta biyan cinikin ranar da aka rasa, shi ya sa da yawa ba sa zuwa asibitin Korle Bu ko na Komfo Anokye sai ciwo ya riga ya ci jiki.