Wanda aka dasa wa ƙwayoyin radiyeshon ba haɗari ba ne ga iyalinsa

Har yanzu wasu na ɗauka cewa namijin da aka dasa wa ƙwayoyin radiyeshon (haske marar ganuwa mai kashe kansa) don maganin kansar furostet (wani ƙullutu a jikin maza da hanyar fitsari ke ratsawa) ya zama abin gudu: a ware masa kwano, matarsa ta ƙaurace masa. Ba haka ba ne.

Kowace ƙwaya ba ta wuce girman tsabar shinkafa ba, kuma sinadarin da ke fitar da radiyeshon ɗin, wato ayodin-125 ko faladiyom-103, yana rufe cikin ɓawon ƙarfen titaniyom. Likita kan dasa kimanin 60 zuwa 100 a cikin furostet, ƙarƙashin mafitsara. Ƙarfinsu bai wuce 'yan milimita ba, naman jikin mutum ne ke shanye kusan duka. Gumi, yawu da tufafinsa ba sa ɗauke da komai. Kuma ƙarfin raguwa yake yi: na ayodin-125 yana raguwa da rabi duk kwana 60, na faladiyom-103 duk kwana 17.

Taka-tsantsan ɗin kaɗan ne. Wata biyun farko kada ya daɗe da yaro a cinya, kada mai juna biyu ta jima zaune daf da shi. A fara kwanciyar aure da kwaroron roba, don ƙwaya kan fito cikin maniyyi, ko da yake ba kasafai ba. In ta fito a fitsari, a ɗauke ta da cokali, a sa a kwalba mai murfi, a sanar da asibiti.

Abin da ya fi damun waɗanda aka dasa wa ƙwayoyin shi ne fitsari. Furostet kan kumbura, sai zafi da yawan tashi da dare, wani lokaci har watanni. In fitsarin ya tsaya cak, a garzaya asibiti a sa robar fitsari.