Koyar da Bincike da Rubutun Muhawara a Manyan Makarantun Legas

Koyar da bincike da rubutun muhawara horo ne da ake ba ɗalibin jami'a ko kwaleji domin ya iya ɗaukar tambaya, ya nemo bayanai a kanta, ya tantance ingancinsu, sannan ya rubuta matsayarsa da hujjojin da mai karatu zai iya bin sawunsu ya tabbatar. Manhaja kan raba shi gida biyu, ta sa dabarun bincike a wani kwas, rubutu kuma a wani, amma a hannun ɗalibi aikin ɗaya ne: abin da ya gano shi ne hujjarsa, rubutun kuma shi ne inda ake ganin ko hujjar ta ɗauki nauyin da'awar da aka ɗora mata. A Legas ana koyar da shi a makarantu irin su Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, wadda aka kafa a 1983, da Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda ta faro tun 1947. Cikin ɗaliban waɗannan makarantu akwai 'ya'yan Hausawan Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, da kuma waɗanda suka sauko daga Arewa domin karatu.

Asali

A al'adar boko ana danganta tushen fannin da Aristotle, masanin Girka na ƙarni na 4 kafin Miladiyya, wanda ya kasa hanyoyin gamsar da mai sauraro uku: amincin mai magana, da taɓa zuciyar mai sauraro, da ƙarfin hujjar kanta. Mayar da rubutu kwas na dole ga 'yan shekarar farko kuwa ya samo asali ne daga Amurka, inda Jami'ar Harvard ta shigar da rubutu cikin jarrabawar ɗaukar ɗalibai a 1874, ta kuma wajabta kwas ɗin insha'i a 1885. A 1958 masanin falsafa ɗan Ingila Stephen Toulmin ya fitar da tsarin sassan hujja da har yau ake koyarwa da shi. Daga shekarun 1970 hankalin masana ya koma kan matakan da rubutu ke bi, wato tsarawa da yin daftari da bita, maimakon duba takardar ƙarshe kaɗai.

Ƙasar Hausa tana da nata gadon, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Malaman zaure sun daɗe suna karantar da mandiƙi, wato ilimin tsara hujja, da ladubban munazara, wato muhawarar ilimi, ɗalibin hadisi kuma yakan koyi cewa ba a karɓar magana sai an san isnadinta. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano a ƙarshen ƙarni na 15 zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar yana kare halaccin karatun mandiƙi. Misali mafi kusa da aikin aji shi ne wasiƙun da suka gudana tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno kan dalilin yaƙar Barno alhali ƙasar Musulmi ce. Bello ya shigar da wasiƙun cikin littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812, ya kawo maganar abokin jayayyarsa da lafazinta kafin ya mayar da amsa. Wannan ɗabi'a, ta gabatar da hujjar ɗaya ɓangaren cikakkiya kafin a warware ta, ita ce abin da malamin rubutu ya fi shan wahalar dasawa a zukatan ɗalibansa.

Matsayinsa a manhaja

Ɗalibi yakan iso jami'a da ɗan abin da ya koya na insha'in muhawara a sakandare. Jarrabawar Turanci ta WAEC tana neman insha'i da bai gaza kalmomi 450 ba, ana rubuta shi a zama ɗaya ba tare da duba wani littafi ba, kuma kaso mafi yawa na makin yana tafiya ne ga iya harshe da kiyaye ƙa'idojin rubutu. Jarrabawar JAMB kuwa zaɓi ce a kwamfuta, babu rubutu a cikinta. Saboda haka abin da yawancin ɗalibai suka sani da sunan muhawara shi ne salon gasar makaranta: a gaida alƙalai, a jero dalilai uku, a yi fatan an gamsar da jama'a.

A jami'a, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke shimfiɗa mafi ƙarancin abin da za a koyar. Sabuwar manhajarta da ta ƙaddamar a Disamba 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari na kwasa-kwasai, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. A cikinta akwai kwas ɗin sadarwa da Turanci mai lamba GST 111 a shekarar farko, da kwas ɗin falsafa da mandiƙi a shekara ta biyu. Sassa da dama suna ƙara kwas ɗin dabarun bincike a shekara ta uku, sannan kundin kammala karatu a shekarar ƙarshe. Kwalejojin fasaha suna bin tsarin hukumarsu da ke Kaduna, wanda shi ma yake ƙarewa da kundi.

Raunin wannan tsari yana tsakiyarsa. Kwasa-kwasan shekarar farko sukan tara ɗalibai ɗaruruwa a ɗakin lacca ɗaya, malami ba zai iya karanta daftarin kowa ya mayar masa da gyara ba, sai a koma ga jarrabawar zaɓi. Ɗalibi na iya sanin ma'anar sakin layi da jigon jumla ya ci makinsa, alhali bai taɓa rubuta shafi biyar da wani ya karanta ya ce masa "a nan hujjarka ta yanke" ba. Sai a shekarar ƙarshe a ɗora masa aikin babi biyar.

Ginin hujja

Malaman da ke amfani da tsarin Toulmin sukan fara da abu uku: da'awa, da shaidar da ta dogara a kanta, da igiyar da ta ɗaure su, wato dalilin da ya sa shaidar ta goyi bayan da'awar. Daga baya a ƙara iyakance da'awa da amsa suka. Batun da ɗalibi yake gani kullum ya fi saurin bayyana masa waɗannan sassa. A ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Yawancin ɗaliban Hausawa a birnin sun san wani da wannan doka ta shafa.

Idan aka ba aji wannan batu, rubutun farko yakan zo da jumla irin "hana acaba zalunci ne". Malam zai tambaya: ga wa, da wane ma'auni, kuma ta yaya wanda bai yarda ba zai gwada? Ɗalibi ya sake zama ya rubuta cewa dokar ta rage abin da masu acaba na wata unguwa ke samu a rana, ta tura wasunsu wasu sana'o'i. Wannan da'awa ce da za a iya nema wa shaida ta hanyar hira da masu sana'ar da shugabannin ƙungiyarsu. Daga nan sai sashen da ya fi wuya. Gwamnati ta kafa dalilinta a kan haɗurra da tsaro, don haka wajibi ne ɗalibin ya kawo wannan dalili yadda mai goyon bayan dokar zai ce an yi masa adalci, ya nemi alƙaluman haɗurra idan ana samunsu, ya duba wa ya tattara su. Idan haɗurra sun ragu bayan dokar, shin dokar ce sanadi, ko akwai wani abin da ya sauya a lokacin? Ɗalibin da ya bi wannan hanya yakan ƙare da matsaya mai iyaka, wadda ta ce "a wannan unguwa, a wannan lokaci, bisa abin da mutum ashirin suka shaida". Irin wannan matsaya ta fi ta farko ƙarfi duk da ta fi ta ƙanƙanta.

Ba a koyon wannan daga lacca. Sai an rubuta, an karɓi gyara, an sake rubutawa. Inda aji ya yi yawa, wasu malamai kan raba ɗalibai rukuni-rukuni su karanta aikin juna da takardar ma'auni a hannu, kowa ya ja layi ƙarƙashin da'awar abokinsa ya nuna shaidarta. In ya rasa inda zai ja layin, marubucin ya ga matsalarsa da idonsa.

Tantance madogara

Rabin aikin bincike sanin wanda ya faɗi magana ne, da yadda ya san ta. Yawan mutanen Legas kansa darasi ne. Ƙidayar ƙasa ta 2006 ta ba jihar mutum miliyan 9 da 'yan kai, ƙasa da na Kano, gwamnatin jihar kuwa ta ƙi amincewa, ta ce nata lissafin ya kai kimanin miliyan 17.5. Ɗalibin da ya ɗauko adadi ɗaya daga intanet ya sa a gabatarwarsa ba tare da ambaton ɗayan ba ya shiga jayayya bai sani ba. Ana koya masa ya faɗi wanda ya fitar da adadin, da shekarar, da kuma cewa akwai saɓani.

Haka nan ana koya masa bambanta madogara ta asali, kamar hira da takardar hukuma da kundin ajiya, da madogara ta biyu, kamar maƙalar mujalla da ta yi nazarin waɗancan. Google Scholar da rumbun mujallun Afirka na AJOL sun sauƙaƙa samun maƙalu, mai binciken tarihi kuma yana da gidajen adana takardu na ƙasa a Ibadan da Kaduna. Tsarin ambaton madogara da ya fi yaɗuwa a fannonin ilimi da zamantakewa shi ne APA, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019. Sassan harshe da adabi da dama suna bin MLA.

A nan ɗalibi Bahaushe yana da gatan da ba kowa ke da shi ba. Tumatir da tattasai da albasa da ke sauka a kasuwar Mile 12, da shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba ta Agege, harkoki ne da ake gudanar da babban kasonsu da Hausa, kuma abin da ke rubuce a kansu bai kai girmansu ba. Ɗalibin da zai iya durƙusawa ya gaida dattijon kasuwa, ya ce "Baba, karatu ne ya kawo ni", ya jira a ba shi izini, zai ji yadda ake yanka farashin kwando, da abin da dillali yake ɗauka, da dalilin tsadar tumatir idan kayan noman rani suka ƙare damina ta kankama. Amma sabo yana da haɗarinsa. Maganar Alhaji mai shekara talatin a kasuwa shaida ce mai daraja, ba ta zama hukunci ba sai an gwada ta da ta direba da ta mai saye. Dole ne kuma a sanar da mutum abin da za a yi da maganarsa, a ɓoye sunansa idan ya nema, a ajiye asalin hirar da Hausa domin mai duba aiki ya iya komawa gare ta.

Kunya da harshe

Yaron da ya tashi a Agege yakan ji Hausa a gida, Yarbanci da Turancin buroka a titi, Larabci a Islamiyya, sannan a nemi ya yi jayayya a rubuce da Turancin littafi. Kurakuran nahawu sukan ɗauke hankalin malami har ya manta da duba tunanin da ke ƙasa. Masu koyarwa da suka lura da haka sukan jinkirta gyaran nahawu zuwa daftari na ƙarshe, su ƙyale ɗalibi ya tsara hujjarsa da harshen da ya fi yi masa sauƙi kafin ya zuba ta da Turanci.

Abu na biyu tarbiyya ce. An rene shi kan cewa ba a musu da babba, don haka idan ya zo babin bitar ayyukan da suka gabata sai ya jero "wane ya ce, wance ta ce" shafi bayan shafi, ba ya nuna inda suka saɓa ko inda shi ya tsaya. Maganin wannan yana cikin gadonsa. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ya ji ana karantawa cike suke da kawo saɓanin malamai da rinjayar da ƙauli ɗaya bisa dalili, ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Idan aka nuna masa cewa abin da ake nema ke nan, yakan saki jiki.

Kundin kammala karatu

Tsarin da aka saba shi ne babi biyar: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin gudanar da bincike, nazarin bayanai, da kammalawa. Tsarin yana da amfani domin yana ba sabon mai bincike turba, amma yana iya zama fom ɗin cikewa. Ana ganin haka idan kowane batu ya ƙare da rabon takardar tambayoyi, ko da batun hira ko kundin ajiya yake buƙata, ko kuma idan shawarwarin babi na biyar ba su da alaƙa da abin da babi na huɗu ya gano. Lokaci ma yana takura aikin. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya sa jami'o'in da abin ya shafa matse zangunan karatu bayan an dawo, kuma bita ce ke fara salwanta idan aka matse lokaci.

Satar rubutu da ƙirƙirarriyar basira

Satar rubutu ta haɗa da kwafe maganar wani ba tare da ambatonsa ba, da sauya 'yan kalmomi a bar tsarin tunaninsa, da sayen kundin da wani ya rubuta. Jami'o'in Najeriya suna amfani da manhajojin gano kamanceceniya irin su Turnitin da EagleScan, wadda kwamitin shugabannin jami'o'i ya samar. Manhajar tana nuna inda rubutu ya yi kama da wani ne kawai. Mutum ne zai duba ko an ambaci madogarar ko an ɓoye ta.

Fitowar ChatGPT a Nuwamba 2022 ta sauya yanayin, domin irin wannan manhaja tana iya rubuta babi sukutum mai tsaftar Turanci, wani lokaci da sunayen maƙalun da ba su wanzu ba. Hakan ya sa malamai da dama suka ƙara nauyin abin da ake iya gani da ido: su nemi daftari mataki-mataki, su buƙaci kwafin kowace maƙala da aka ambata da rikodin hirarraki, su kuma tsananta tambayoyi a ranar kare kundi, inda ɗalibi zai tsaya gaban malaman sashe ya bayyana dalilin zaɓen wannan hanya da waɗannan mutane, da abin da zai ce wa wanda ya karanta bayanansa ya kai ga wata matsaya daban.