Rashin iya tsayuwa ga ɗan barewar kiwo

Rashin iya tsayuwa ga ɗan barewa yanayi ne da ƙaramar dabbar ke kwanciya ta kasa miƙewa, ko ta miƙe ƙafafu su ƙi ɗaukarta. Alama ce ta cututtuka da dama, shi ya sa babu allura guda da ke maganinsa. Likitocin dabbobi na ɗaukarsa a matsayin lamarin gaggawa, domin ɗan barewar da ya kasa tashi ba ya kaiwa ga nonon uwarsa, kuma yunwa da sanyi da bushewar jiki kan gama da shi kafin ciwon da ya kayar da shi.

Wace barewa

Barewar da ake kiwo a gonaki don nama da ƙaho, irin mai ƙaho mai rassa, ba ta cikin namun dajin Ghana. Kiwonta ya fi ƙarfi a Niyu Zilan, inda aka fara shi wajajen 1970, sai kuma Sin da wasu ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa. Abin da ake gani a killace a Accra da Kumasi danginta ne na nan gida, wato gada da mazo, a gidajen masu sha'awar kiwo da kuma gidan zu na Kumasi da aka buɗe a 1957. Ko dabbar da ake kamawa da rai a bikin Aboakyer na Winneba a watan Mayu mazo ne. Dukkansu masu tuƙa ne kamar akuya da tunkiya, saboda haka mai kiwon awaki a unguwar Nima ta Accra ko Aboabo ta Kumasi ya riga ya san rabin abin da ke cikin wannan bayani. Rabin da bai sani ba shi ne tsoro: waɗannan dabbobi firgita kaɗai na iya kashe su.

Da yawa daga ƙananan da ke isowa birni marayu ne da maharba suka kashe iyayensu, ko aka tsince su a gona. Ajiye naman daji a gida na buƙatar izini daga Sashen Kula da Namun Daji na Hukumar Gandun Daji, kuma an hana farauta da kamun yawancin namun daji daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba na kowace shekara, lokacin da suke haihuwa da shayarwa.

Kwanciyar da ba ciwo ba

A makonnin farko ɗabi'ar ɗan barewa ce ya lafe a cikin ciyawa shi kaɗai, uwar tana zuwa sau kaɗan a rana ta shayar da shi ta tafi. Mai lafiya yana kwance bisa ƙirjinsa, ƙafafu a naɗe, ido garau, kunne na bin motsi. Wanda ke da matsala yakan kwanta ta gefe, wuya a miƙe ko a lanƙwashe baya, yana kuka ba ƙaƙƙautawa ko kuma ya yi shiru gaba ɗaya, ƙudaje na binsa. Rashin sanin wannan bambanci ya raba ƙanana masu lafiya da iyayensu ba iyaka.

Dalilai

Shekarun dabbar su ne abin farko da likita ke tambaya. A kwanakin farko bayan haihuwa, abin da ya fi yawa shi ne rashin shan dakashi. Lafiyayyen ɗa kan miƙe ya kama nono cikin sa'o'in farko, kuma hanjinsa na iya ɗaukar garkuwar da ke cikin dakashi ne a yini na farko kawai. Bayan kimanin sa'a 24 ƙofar ta rufe. Wanda ya rasa shi sukarin jininsa na sauka, jikinsa ya yi sanyi, ƙwayoyin cuta kuma su same shi ba kariya. Ta cibiya suke yawan shiga, musamman a wuri mai laima da kashi irin na garken da ruwan damina ya jiƙa. Daga nan sai su bi jini su sauka a gaɓoɓi, gwiwa ta kumbura ta yi zafi cikin mako ɗaya zuwa uku. Zawo ma na kayar da ƙarami cikin yini guda.

Akwai kuma ƙarancin sinadarai. Rashin seleniyam da bitamin E na lalata tsoka: dabbar na da hankalinta, tana son shan nono, amma ƙafafun baya sun sage suna rawa, wani lokaci har tsokar zuciya ta taɓu a wayi gari ta mutu. Rashin sinadarin jan ƙarfe na lalata laka da guringuntsin gaɓoɓi. A 'yan tumaki da 'yan awaki yakan bayyana tun suna ƙanana, a jar barewar kiwo kuwa tangaɗin ya fi fitowa bayan wata tara, ƙugu na karkata, daga baya ta riƙa zama bisa gindi. Idan laka ta riga ta lalace ba ta komawa daidai. Wanda ya fara cin abinci kuma aka cika masa dusa ko masara farat ɗaya yana iya rasa bitamin B1, ya makance, ya ɗaga kai sama yana shure-shure. Wannan kam yana amsa allura da sauri in an yi ta da wuri.

A yankinmu dole a tuna da kaska. Mai zanen baya, Amblyomma variegatum, tana yaɗa ƙwayar Ehrlichia ruminantium da ke tara ruwa a jakar zuciya, da zazzaɓi mai tsanani da farfaɗiya. Dabbobin da aka shigo da su daga ƙasashen da ba su san cutar ba sun fi saurin faɗuwa. Tsutsar ciki mai shan jini kan bar fatar cikin ido fari fat, ƙasan haɓa ya kumbura. Karaya, bugun shinge, cizon kare, tetanas da haukan kare duk suna cikin lissafi.

Dalilin da ya keɓanta da namun daji shi ne lalacewar tsoka saboda kora da kamu. An bi dabbar da gudu, an danne ta, an ɗaure ƙafafu huɗu an saka ta a bayan mota cikin rana. Tsokar sai ta lalace daga ciki, dattinta ya toshe ƙoda. Fitsari kan fito launin baƙin shayi. Tana iya faɗuwa nan take, ko bayan kwanaki lokacin da mai ita ya ɗauka komai ya wuce. Magani ba ya cika yin tasiri a nan, kuma abin baƙin cikin shi ne yawanci hannun mai son taimako ne ya jawo shi.

Taimakon farko

Tsarin abin da za a fara da shi ya fi kowane magani muhimmanci. A rufe wa dabbar ido da ƙyalle mai laushi, a kai ta wuri mai duhu da shiru, nesa da yara da karnuka da masu zuwa kallo. Mutum ɗaya ya isa. A kwantar da ita bisa ƙirji a tokare ta da buhu ko naɗaɗɗen tawul, domin mai tuƙa da ya daɗe a kwance ta gefe cikinsa na kumbura, abin tumbi kuma na iya komawa huhu.

Sannan a auna zafin jiki ta dubura. Na lafiya yana wajajen digiri 38.5 zuwa 39.5 a ma'aunin Salsiyas. In babu ma'auni, a sa yatsa mai tsabta a baki: bakin lafiyayye na da ɗumi da damshi, kuma zai fara tsotso. In bakin ya yi sanyi, harshe ya saki, kada a ɗura masa komai, ko da ruwa ne. A fara ɗumama shi da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe a zane, a goga masa ɗan gulukos ko zuma a dasashi. Madarar da aka ɗura wa ɗan da ba ya iya haɗiya huhu take tafiya, kuma wannan kuskure na iya kashe shi.

A tsunkuli fatar wuya a saki. In ta tsaya ba ta koma ba, ido kuma ya faɗa, jiki ya bushe. Idan yana tsotso, a ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake sayarwa a kantin magani, kaɗan-kaɗan. Na ƙunshin ya fi wanda ake haɗawa a gida, saboda gulukos ke cikinsa, hanjin jaririn mai tuƙa kuwa ba ya narkar da sukarin shayi, sai ya ƙara masa zawo. Bayan ya ɗumama sai madara. Nonon barewa ya fi na saniya maiƙo nesa ba kusa ba, kuma na akuya ne mafi kusa da ake samu cikin sauƙi. Jaririn yini ɗaya dakashin akuya yake buƙata, kimanin kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa a rarrabe cikin yinin. A ba shi a bulumboti mai ƙaramar huda, kansa a daidai, ba a kwance rigingine ba. Bayan kowane sha a shafa masa ƙarƙashin wutsiya da tsumma mai ɗumi kamar yadda uwa ke lasa, in ba haka ba ƙarami ba ya fitsari da kashi yadda ya kamata.

Aikin likita

A kira likitan dabbobi a ranar, ba gobe ba. Akwai ofisoshin Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi a gundumomi, da makarantun koyon likitancin dabbobi a Jami'ar Ghana da kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) a Kumasi. Likita zai taɓa cibiya da gaɓoɓi, ya duba ko ƙafa na jin tsunkuli, ya ɗauki jini da kashi, sannan ya zaɓi magani: ƙarin ruwa da gulukos, maganin ƙwayoyin cuta na kwanaki da yawa ga ciwon cibiya, oksitetrasaikilin da wuri ga ciwon kaska, B1, ko seleniyam. Al'adar sayen allura a kasuwar dabbobi a soka wa duk abin da ya kwanta tana da haɗari a nan, domin seleniyam da jan ƙarfe guba ne in sun ɗan wuce kima, dabbar kuma ba ta wuce kilo kaɗan ba.

Yayin jinya ana juya ta daga gefe zuwa gefe kowace sa'a biyu zuwa uku, a canza shimfiɗa, a motsa gaɓoɓi a hankali, a ɗan tallafe ta da zane ta ƙarƙashin ciki na mintoci kaɗan. Wadda yunwa da sanyi suka kayar takan miƙe cikin yini ɗaya ko biyu. Karayar ƙafa ta ƙasa na haɗewa da kyau a ƙarami in an ɗora. Amma wadda bayanta ya karye, ko ta kwana da yawa a kwance ba ta ci ba ta jin ƙafafunta, tausayi shi ne a yi shawara da likita a kawo ƙarshen wahalarta. Ba a cin naman dabbar da ta nuna alamun ciwon ƙwaƙwalwa ko wadda ke kan magani, kuma duk wanda yawunta ya taɓa masa rauni ya wanke da sabulu ya je asibiti.

Rigakafin ba shi da tsada: busasshen wurin haihuwa, tsoma cibiya a aidin, tabbatar da an sha dakashi, cire kaska, da ba uwa mai ciki gishirin lasa mai sinadarai. Kanwar da aka saba ba dabbobi ba ta maye gurbin wannan gishiri.